Gayaunar Baffa Sale

A gidanmu na Aujara ba a sauraron tatsuniya da hannu a zube. Da an sauke tukunyar tuwo an suɗe akushi, sai Inna, kakata ta wajen uba, ta tura itace cikin murhu, ta jawo ƙwaryar gyaɗa ta dire a tsakiyarmu. Ƙuli-ƙuli take yi na sayarwa, mu jikoki kuwa mu ne injin ɓararta. Kana ɓara kana saurare. In ka kuskura ka kai ƙwaya baki, ko ba ta kallonka sai ka ji ta ce, "Maigidan, na ji ƙarar haƙori. Miji bai kawo cefane ba, ya zo yana cinye jarin matarsa!" Ni take nufi, kullum ni, don duk cikin jikokinta ba wanda ya kai ni kwaɗayi. Kai, ina son lokacin nan! Tun la'asar nake ƙosawa rana ta faɗi.

Amma akwai shekarar da gidan ya yi tsami. Kakanmu, Baba Tsoho, shi ke riƙe da gandu, babbar gonar gida. Hatsinta rumbunsa yake shiga, shi ke fitar da awo, shi ke biyan haraji. Mahaifina yana aiki a Kano, saboda haka duk nauyin noman a wuyan ƙanensa yake, Baffa Sale. Duk mako yana gandu, ranar Juma'a kaɗai yake leƙa gayaunarsa, 'yar gonar da abin da ta bayar nasa ne shi kaɗai. Ga shi ya yi aure, ga goyo. Sai ya roƙi a ƙara masa rana ɗaya, a kuma ba shi fadamar bayan gari da aka bari ciyawa ta cinye. Baba Tsoho ya ce sam. Shi ya sare dajin nan da hannunsa, shi ma haka ya yi wa ubansa bauta, kuma fadama tasa ce ko da ƙasa ce kawai a ciki.

Ana gama girbi Baffa ya ɗaure kayansa. Wai ci-rani zai tafi Kano, amma har mu yara mun san ba dawowa zai yi ba. Na yi kuka har na gaji, don shi ke ɗora ni a keke ranar kasuwa ya saya mini rake.

Ana gobe zai tafi, Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kwashe garwashi a kasko, ta ce mu ɗauko tabarma, ta kai mu can jikin zanan da ya raba turakar Baba Tsoho da ɗakin Baffa. Wai hayaƙin murhu yana damun idonta. Ta gyara zama, ta buɗe murya kamar mai tallar fura.

"Ga ta nan a bakin ƙofa, tana sallama!"

Muka amsa, "Ta shigo, mu ba ta tabarma!"

Wani gari ne, in ji ta, mai rijiya ɗaya tak. Dattawan garin su suka haƙa ta a ƙuruciyarsu, cikin dutse, har wasu suka bar yatsunsu a ciki. Da ƙarfinsu ya ƙare sai aka kafa doka: samari ke jan guga, amma ba mai kai ruwa gidansa sai randar kowane tsoho ta cika. Aka daɗe a haka lafiya lau. Sai wata shekara ruwa ya ja baya. Kafin a gama cika randunan tsofaffi, abin da guga ke fitowa da shi laka ce. Samari su yi ta ja tun safe har tafin hannunsu ya saɓule, su koma gida da laka, matansu su tace a tsumma su ba jarirai.

Samari suka ce a raba ruwan. Inna ta kumbura kumatu ta yi muryar tsoho: "Ina kuke lokacin da muke fasa dutse?" Sai ta miƙe wuya ta yi ta saurayi: "Ina kuke yanzu da muke jan guga?" Muka kwashe da dariya. Ƙarshe samari suka jefar da igiya, suka tafi bayan gari haƙa tasu. Suka yi ta haƙa da ƙishirwa, ba ko danshi. Tsofaffi kuma suka kewaye tsohuwar rijiya, suna hango ruwa yana ƙyalli a ƙasa, ba mai ƙarfin da zai jawo ko rabin guga.

Nan ta tsaya. Ta ɗauki gyaɗa ta ɓare a hankali. "To, wa ke da gaskiya?"

Wayyo, sai wuri ya kaure! Yayata Hansai ta miƙe tsaye, ta ce tsofaffin nan mugaye ne, a bar su su sha ƙyallin. Ni kuwa, don neman fada wurin Inna, na ce wanda ya haƙa shi ke da ruwa. Hansai ta ce to in je in jawo musu da wannan hannun nawa mai kama da tsinken tsire. Na jefe ta da ɓawo, ta rama, ƙanana suka rabu biyu suna ihu. Inna kuwa sai ƙara iza mu take da ido.

Sai muka ji gyaran murya daga bayan zana. Baba Tsoho bai taɓa sa baki a tatsuniya ba, cewa yake shirmen mata da yara ce.

"Wane irin gari ne wannan na marasa kai?" in ji shi. "Ai yasa rijiyar take so. A zura yaran su kwashe lakar, ruwa ya ishi kowa."

"Af, Malam, ashe kana ji?" in ji Inna. "Ai an faɗa musu. Tsofaffin suka ce rijiyarsu ce, ba mai shigar musu."

Daga ɗaya gefen sai ga muryar Baffa Sale, ƙasa-ƙasa: "Ko sun shiga sun yashe, Inna, in sun fito lakar za a sake ba su."

Gyaɗa na cikin bakina na kasa taunawa. Ni dai ban taɓa jin an mayar wa Baba Tsoho magana ba, ko ta bayan zana.

"Sale."

"Na'am, Baba."

"Fadamar nan, ka shiga. Ka haɗa Alhamis da Juma'arka. Amma kada rumbun gandu ya yi ƙasa ina raye."

"In Allah ya yarda ba zai yi ba, Baba."

Hansai ta rangaɗa guɗa, Inna ta kai mata duka da mafici tana dariya. Ni na yi tsalle na kifar da ƙwarya, muka bi gyaɗa muna tsinta muna afawa, ranar Inna ba ta ji ƙarar haƙorin kowa ba. Muka ce to yaya aka ƙare a garin? Ta ce, "Ku tambayi Malam, shi ya ƙarasa ta. Ni nan na ɗaure bakinta."

Baffa ya kwance kayansa. Ya cika fadama da albasa da tumatir, kuma rumbun gandu bai taɓa yin ƙasa ba. Da ciwo ya kwantar da Baba Tsoho, albasar nan ce ta yi ta kai shi asibitin Dutse tana sayen magani har Allah ya karɓi abinsa.

Yau ni ne tsohon. Na yi ritaya daga koyarwa, ina zaune a unguwar Yalwawa a Dutse, ina karɓar fansho. Kwanan baya ana muhawara a rediyo kan ko gwamnati ta fi kula da 'yan fansho a kan matasa, ɗana Nura yana gefe. Ya gama digiri, ya zaga ofisoshi har takalminsa ya cinye, yanzu yana shirin tafiya Legas. Sai ya ce, "Baba, ku kuna da abin jira a ƙarshen wata. Mu ko layin ba a sa mu ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ina yake lokacin da nake shaƙar alli a ajin da ba rufi? Ina rufe baki na gane muryar tsofaffin rijiyar nan na ara.

Har gobe ina nan a kan cewa fansho haƙƙina ne, gumina ne, ba sadaka ba, kuma na san abokan aikina da suka rasu suna jiran nasu. Amma na gane wanda ake biya da wanda bai samu aiki ba ba abokan gaba ba ne. In ba a buɗe wa su Nura inda za su yi aiki ba, ban san wa zai ciyar da mu duka ba nan gaba. Gwamnati dai ba ta kwana a bayan zana, balle a ɗaga murya ta ji. Wanda ke kusa ya ji, ni ne, kuma ban iya tatsuniya ba.

Na tarar da ɗan nawa a ɗaki yana ninke kaya cikin jaka. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Nura, me kake buƙata ka zauna?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Baba, ba wanda ya taɓa tambayata."

Sai ya ture jakar gefe, ya gyara mini wurin zama a bakin gado.