Mai Karkata Littafi Hagu

A kasuwar tsofaffin littattafai ta Asabar a birnin Hobart, Noelene mai sayar da littattafai tana gane masu tara littattafan yara tun daga nesa: ba karatu ke kawo su ba, bincike ne. Wani dattijo da ya tsaya a teburinta ma da haka ya fara. Dogo ne, wuyansa ya sha rana, hannayensa irin na masu askin tumaki. Yana riƙe da wani tsohon littafin yara mai sa hannun marubuciyarsa, yana shafa bayan shafin da yatsa don ya ji ko alƙalami ya danna takardar.

"Ba jabu ba ne, Baba," in ji Noelene.

"Kowa haka yake faɗa, 'yar nan."

Sai ya ja kujera, ya baje littafin a cinya har ɗinkinsa ya yi ƙara.

"Kai, a hankali! Za ka ɓalla shi!"

Ko ɗagowa bai yi ba. Leɓunansa na motsi, littafin a karkace hagu, ƙasa-ƙasa, yadda ake riƙe wa yaron da ya jingina da mutum. In ya kai ƙarshen shafi ba ya juyawa, sai ya ɗan dakata a gama kallon hoto.

A hagunsa babu kowa sai kwali. Jika ne ya yi nisa, ko ɗa ne da bai rayu ba? Noelene ba ta tambaya ba. Wata mai saye ta matso tana nuna littafin, Noelene ta ɗaga mata hannu.

"Ɗan jira, suna karatu."