Rangwaɗar Inna Kande

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin shara aka leƙo ta katanga aka ce Inna Kande ta rasu. Tsintsiyar ma ban san inda na yar da ita ba.

Maƙwabciyarmu ce a Surko. Ta tsufa, amma in ta ɗauko tulu daga rijiya sai ka tsaya kallo: wuya a miƙe, kafaɗa na rausaya, taku ɗai-ɗai, ruwa ko ɗigo ba ya zuba. Matan unguwa suka sa mata suna Rangwaɗa, ba don yabo ba. In ta wuce sai su taɓe baki: "Tsofai-tsofai da ke, wa kike yi wa?"

Ni kuwa kullum kaina a ƙasa. Takan ajiye min ƙanzo, in na zo karɓa ta ce, "Ke 'yar nan, me kika yar a ƙasa da kike ta nema?"

Ita ta gaya min asalin tafiyar. Kakarta 'yar Gwaram ce, mahara suka kama ta tana budurwa, tun kafin zuwan Turawa. Da aka fanso ta, gari ya fito kallon yadda za ta shigo a sunkuye. Sai ta ɗaga kai ta ratsa su tana rangwaɗa har ƙofar gidan ubanta. Tun daga nan matan gidansu suke koya wa 'ya'yansu.

Jikokin Inna sun ce ƙauyanci ne, sun ƙi koya.

Ganinmu na ƙarshe, ta sa na ɗora tulu na zaga tsakar gida. Ta yi dariya har da tari. "Wannan ai tafiyar agwagwa ce! Kuma ban ce ki yi taƙama ba, taƙama ta mai raina mutane ce. Rangwaɗa ta wadda ta ƙi a raina ta ce. Sake."

Yau ga masu taɓe bakin nan sun cika gidan, ana rige-rigen kuka. Jikokin sun sauko daga mota, waya a hannu, suna ɗage zani kar ƙasa ta taɓa. Da aka ce a ɗebo ruwan wankan gawa, kowacce ta kalli 'yar'uwarta.

Na ɗauki tulunta.

Da na ɗebo ruwan, na ratsa su kai a miƙe. Wata ta ce, "Au, ashe an bar mana magajiya." Ban sunkuya ba.

Ruwan ya ɗan zuba, Inna, ki yafe min.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa ki shiga Aljanna da takunki. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.