Ɗan-tsamin Kaka Yalwa

A ƙauyenmu da ke gefen Bunkure, in an idar da magariba, Kaka Yalwa takan zauna bakin murhun da take turara shinkafa, mu jikoki mu kewaye ta. Tsohuwa ce mai tsokana, ba ta fara tatsuniya sai ta gama yi wa kowa tsiya.

Tana da bishiyar mangwaro biyar a gonarta da ke bakin kanal, hanyar ruwan noman rani, kowacce da kamarta. Wata 'ya'yanta dogaye masu zare, wata ƙanana kamar ƙwan kaza, wata ba ta nuna sai na kowa ya ƙare. Wadda ke can inda ruwa yake kwanciya kuwa Ɗan-tsami muke ce mata, ko awaki ba sa rububin 'ya'yanta.

"Ku matso, ta iso," haka take buɗewa. Akwai wadda ta fi maimaita mana, ta wani manomi da ya bi garkarsa yana ɗanɗane, ya sare duk bishiyar da ba ta yi masa ba. Ya bar mafi zaƙi, ya cika garkar da irinta. Shekarar da cuta ta shigo, cikin mako guda duk suka bushe.

"Duka, Kaka?" na tambaye ta.

"Duka mana, sarkin kwaɗayi! Uwarsu ɗaya, abin da ya kama wannan shi zai kama waccan. Da ya bar marar daɗin nan, ai da ya sami abin dasawa."

Dariya muka yi, don mu zaƙin muke so.

Bayan rasuwarta gonar ta dawo hannuna. Na sare biyar ɗin nan, na dasa mangwaron aure iri ɗaya, layi-layi, manyan nan da 'yan kasuwa ke so, ina ta ji da kaina. Bana ruwa ya yi wa ƙasar yawa, saiwa ta fara ruɓewa. Rabi sun bushe, sauran ganyensu ya yi rawaya, kuma da su nake ciyar da gidana. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Jiya malamin gona ya zo ya duba, ya ce, "Malam, babu wata tsohuwar bishiya a nan da ta jure ruwan nan? Ƙwallonta za mu shuka mu yi aure a kai. Ko tsami ne da ita, ba komai."

Na juya na dubi can inda ruwa yake kwanciya. Tun ina yaro Ɗan-tsami ke tsaye cikin ruwan nan, ban taɓa ganin ta yi yaushi ba. Da hannuna na faskara ta, aka turara shinkafa da ita kwana huɗu a murhun Kaka. Ko ƙwallo ɗaya ban ajiye ba.