Bokitin Goggo

Goggona ta tsufa tana shara a sashen gaggawa na asibiti. Wanda ya zana ginin ya manta ana mutuwa: gadaje a jere, babu kujera ko ɗaya. Duk wanda likitoci suka fid da rai da shi, sai a tura gadonsa lungu, inda take ajiye tsintsiya. Goggo takan kife bokitinta ta ce wa mai jinya, "Zauna, baiwar Allah, ba a ban kwana a tsaye."

Da ciwon ajalinta ya zo, aka karrama ta da gadon tsakiya, gaban teburin nas-nas. Ta buɗe ido ta duba.

Ta ce, "Ku kai ni lungu. A nan ina 'yata za ta zauna?"