Bong Gil-ja, Kansilar da Ta Hana Ni Sakat

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, wajen ƙarfe takwas saura kwata na safe, Allah ya karɓi ran Bong Gil-ja, kansila mai wakiltar tsibirin Solmi a majalisar gundumarmu. Shekarunta sittin da uku. Ta yanke jiki ta faɗi a tashar jirgin ruwa tana jiran jirgin farko, da jakar takardu rataye a kafaɗarta. Saje Pyo Seong-chil, ɗan sanda ɗaya tilo da ke tsibirin, shi ya durƙusa a kan siminti yana danna mata ƙirji har kusan awa guda kafin jirgin asibiti ya iso. Likita ya ce zuciya ce, kuma tun kafin su taso ta riga ta cika.

A ranar wurina za ki zo, Yaya Gil-ja. Taron kwamiti ƙarfe goma ne, ni zan gabatar da takarda, ke kuma ki yi mini kaca-kaca kamar yadda kika saba. Ina tsaye ina jera takardun a kan teburin taro aka leƙo aka faɗa mini. Na ci gaba da jerawa har na kai kan kujerarki, na ajiye miki naki. Yau kwana goma sha biyu ke nan, ban zauna wuri ɗaya na cika awa guda ba. In na shiga ofis sai in ji gida nake so, in na koma gida sai in tsinci kaina ina neman makullin mota. Matata ce ta ce in zauna in rubuta, ko na sami sararin numfashi.

Waɗanda suka san mu za su yi mamakin ganin sunana a ƙarƙashin wannan rubutu. Ni ne Eom Jae-pil, shugaban sashen tsaron jama'a na gunduma, mutumin da kika fi kowa tasa wa a gaba shekara uku cur. Ban taɓa cin nasara a kanki ba ba tare da na koma gida da ciwon kai ba.

Abin ya faro ne lokacin da gwamnatin tarayya ta ba mu tallafin kafa kyamarori masu gane motsin mutum da kansu. Ni na rubuta takardar neman tallafin, na yi wata huɗu a kanta, kuma ina alfahari da ita. Kyamara ɗari biyu da arba'in. A cikin tsarin akwai abu biyu da na rubuta da ƙananan baƙaƙe a shafi na sha tara: za a rage matan da ke zama a ɗakin sa ido suna kallon hotunan daga goma sha shida zuwa shida, kuma gunduma za ta janye hannu daga ɗaukar nauyin ofishin 'yan sanda na Solmi, tunda kyamara za ta riƙa gani. Kansiloli shida suka tafa. Ke kuwa kina ta lasar yatsa kina buɗe shafi, har kika kai na sha tara. Kika cire tabarau kika dube ni.

"Shugaba Eom, wannan kyamarar taka, tana iya goya tsohuwa?"

Aka yi dariya. Na fara bayanin cewa na'urar tana aika saƙo cikin daƙiƙa uku. Kika ce, "To, ta aika. Wa zai karɓa? Teku?" Duk wannan a gaban 'yan jarida biyu. Ranar na tsane ki. Da aka tashi, ina sauri in ɓace, kika riƙo hannun rigata a bakin matakala kika ja ni shagon taliyar da ke bayan kasuwa. Kika sa aka kawo kwano biyu, kika tura mini naki kimchin, wato kabejin da aka tsuma da yaji, kika tambaye ni gwiwar mahaifiyata, wadda ban san inda kika ji labarinta ba. Kika ce, "A zauren can ni kansila ce, a nan yayarka ce. Ci, ka rame." Tun daga ranar nake kiranki Yaya, kuma tun daga ranar ban sake rubuta komai da ƙananan baƙaƙe ba.

Tallafin ya wuce, ƙuri'a shida da ɗaya. Amma kin matsa har aka ɗaga rage ma'aikatan da rufe ofishin zuwa shekara uku, a ga yadda kyamarorin za su yi. Sannan kika sa sharaɗin da ba ya cikin kowace doka: sai na kwana biyu a Solmi ina bin Saje Pyo duk inda ya sa ƙafa.

Na je da takalmin ofis, na dawo da kanta a tafin ƙafa. Ban ga ɓarawo ko ɗaya ba. Na ga Saje yana zura sanda ta tagar wata tsohuwa kurma yana jawo hankalinta, don ya tabbata ta kashe gas. Na ga ya karɓo maganin hawan jini na mutum tara daga jirgin rana ya rarraba gida gida. Na ga ya raba faɗan wasu 'yan'uwa biyu masu shekara saba'in da wani abu kan igiyar shanya ganyen teku, ya zage su duka biyun, suka ba shi dafaffen dankali. Ke kina biye da mu cikin takalmin roba, hannuwanki duk sun tsattsage saboda shekara arba'in na noman ganyen teku. Sai da za mu rabu a tasha kika ce, "Ka rubuta wannan ma a takardarka, in akwai layin da zai shiga."

Abin da ya sa ba zan iya ajiye ki cikin sahun masu gardama don gardama ba shi ne abin da ya faru da Tsoho Ma Chun-bae. Rikicewar tsufa ta kama shi, ya fita da rana tsaka ana iska mai ƙarfi, ba wanda ya san inda ya nufa. Kyamarar da ke kan katangar tare igiyar ruwa ce ta hango shi, ɗaya daga cikin matan ɗakin sa ido ta gane tafiyarsa ta kira Saje, Saje ya ruga ya cafko shi saura taku kaɗan ya kai ƙarshen katangar. Washegari kika hau jirgi da kwalin busassun kifi, kika kai wa matan nan, sannan kika shigo ofishina ba sallama.

"Kyamararka ta yi aiki. Na faɗa, kuma zan faɗa a zaure."

"Yaya, ashe dai kin sauko."

"Sauka ina? Na'urarka ta gani, matar nan ta gane, Pyo ya yi gudu. Cire ɗaya ka gani in tsohon yana raye. Kunnen doki muka yi, kada kanka ya kumbura."

Kuma kin faɗa a zaure, da bakinki, aka rubuta. Ban san wani ɗan siyasa da zai yi haka ba.

A shekara ta biyu gishirin iskar teku ya cinye kyamara arba'in da ɗaya. Tsatsa ta shiga har cikinsu. Masu bincike suka zo daga lardi, kuma waɗanda suka tafa mini da farko su suka fara neman kaina. Wani ya ce a binciki ko na ci wani abu a hannun kamfanin da ya yi aikin. Ina zaune ina kallon tebur, ina tunanin yadda zan gaya wa 'yata. Sai na ji kin buga tebur. Kika ce, "Ni kaɗai na ƙi wannan abu a ɗakin nan, don haka ni ke da bakin magana. Mutumin nan bai ci komai ba. Wauta ya yi, kuma tare kuka yi ta. Dukanku a bakin teku aka haife ku, waye cikinku ya tambayi gishiri?" Aikina ya tsira a ranar. Da na je yi miki godiya kika kore ni da hannu kamar mai korar kaza, kika ce in je in nemo kyamarar da ba ta tsoron ruwa.

Zan so in tsaya a nan. Amma ke ba kya son takardar da aka ɓoye wani shafi nata.

Bana shekara ukun suka cika, kuma aka buɗe zagaye na biyu na tallafin. Sharaɗinsa shi ne gunduma ta zuba nata kason, kuma babu inda za a samo shi sai a albashin matan nan goma da kuɗin riƙe ofishin Solmi. Shugaban gunduma yana so, ni ma ina so. Mako guda kafin rasuwarki muka yi ta sa-in-sa a farfajiyar ofis, mutane suna wucewa. Na gaji, na ƙosa, sai na faɗi abin da ya daɗe a cikina. Na ce, "Yaya, mutum ɗari uku ne a tsibirin nan, duk tsofaffi. Nan da shekara goma wa za a tsare?"

Ba ki ɗaga murya ba. Da kin ɗaga da ya fi mini sauƙi. Kika dube ni kika ce, "Ni ma ina cikin ɗari ukun, Jae-pil." Ba ki taɓa kiran sunana gatsau ba sai ranar. Kika juya kika tafi tasha.

Ranar Litinin da yamma kin kira ni sau biyu. Ina zaune a mota, na ga sunanki, na kife wayar a kan kujera. Na ce a raina gobe ma rana ce, za mu haɗu a taro. Wannan shi ne abin da ke tashe ni tsaye duk inda na zauna.

A wurin makoki, bayan na ajiye farin fure gaban hotonki na sunkuya, 'yarki Mi-ran ta biyo ni har bakin ƙofa da jakar nan da kika faɗi da ita. Ta ce, "Kawu, sunanka ne a kai." A ciki akwai ƙa'idojin tallafin, shafi tamanin da shida, waɗanda ni da nake karɓar albashi don in karanta su ban wuce rabinsu ba. Kin bi su layi layi da jan fensir. A shafi na saba'in da ɗaya kin zagaye wani sakin layi da ya ce ana iya kashe wani ɓangare na tallafin a kan ma'aikatan da ke tafiyar da na'urorin. A gefe kin rubuta da hannunki mai karkata: "Eom ya duba wannan. Shi ya fi ni sanin yaren nan." A ƙarƙashi kuma takardar koke ce ta mutanen Solmi kan kada a rufe ofishin 'yan sanda, da sa hannun mutum ɗari biyu da sittin da takwas, wasu da dangwalen yatsa. Abin da kika kira ki faɗa mini ke nan. Ba faɗa kika kira ki yi ba, taimako kika kawo mini.

Ga abin da ya biyo baya, don na san za ki tambaya. Na janye takardata na sake rubuta ta. Shugaban gunduma bai ji daɗi ba, kuma an riga an raɗa mini cewa watan Janairu za a mayar da ni sashen kula da shara. Wannan bai dame ni ba. Na rubuta wa ma'aikatar tarayya, amsa ta zo ranar Alhamis: sakin layin ya shafi matan ɗakin sa ido, don haka su goman za su ci gaba da aiki. Na je da kaina na faɗa musu, wata ta kifa kai a kan tebur tana kuka tana kiran sunanki. Amma bai shafi ofishin Solmi ba, domin ɗan sanda ba ma'aikacin na'ura ba ne. Saje Pyo zai yi ritaya ƙarshen shekara, kuma har yau ba a ce za a turo wani ba. Rabi kika ci, Yaya. Rabin da ya rage shi ne wanda ya fi tsaya miki a rai, kuma ban san ko zan iya ba. Ba ni da bakinki, ba ni da kujera a zaure. Ranar Laraba zan ɗauki koken nan in kai hedikwatar 'yan sanda ta lardi. Saje ya ce zai raka ni cikin kayan gida, mutum goma sha ɗaya daga tsibirin sun ce za su hau jirgin farko, har da tsohuwar nan kurma. In sun ce mu dawo, za mu dawo.

Ban nemi gafararki ba kina da rai, ga shi ina nema a gaban jama'a, a lokacin da ba za ki iya kore ni da hannu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, Malam Tak Yong-dal, wanda ya zauna kwana uku a wurin makoki bai yarda an karɓe shi ba. Ga Mi-ran da ƙaninta Dong-ha da jikokinki uku. Ga Saje Pyo, wanda har yanzu yake tambayar kansa ko akwai abin da bai yi ba, alhali ya yi duk abin da hannun mutum zai iya. Ga matan ɗakin sa ido. Da mutanen Solmi baki ɗaya, waɗanda suka rasa bakinsu a zaure. Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin ɗaukar wannan rashi.

Ke kuma, Yaya Gil-ja, Ubangijin da kike hawa tudu kowace Lahadi ki durƙusa a gabansa ya ji ƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya karɓi wahalar da kika sha saboda mutanen da ba wanda ke ƙirga su. Ya ba ki hutun da ba ki taɓa ba kanki ba. Mu da muka rage, ya ba mu kunnen jin kira tun mai kiran yana da rai. Amin.

Eom Jae-pil