Kwalbar da Inna Dije ta Wanke

Har gobe ina tuna wata Talata a daminar da na fara aiki a sashen gaggawa na wani asibiti a Dutse. Lokacin ni ƙaramar ma'aikaciyar jinya ce, wata huɗu da kama aiki, ban taɓa ganin an sa wa mutum roba a ƙirji ba sai a littafi.

Da hantsi aka shigo da Malam Buba, wani dattijon makiyayi daga wajen Ringim. Bijiminsa ne ya tunkuye shi a haƙarƙarin dama yana ƙoƙarin ɗaure shi. Gumi yake ta yi, numfashinsa sama-sama, leɓɓansa sun fara sauya launi. Matarsa Inna Dije na biye da gadon, riƙe da takalmansa.

Dokta Sani, likitan da ke bakin aiki, ya saurari ƙirjin, ya ce ɓangaren dama shiru. Hoton da aka ɗauka nan take ya nuna ƙashin haƙarƙari uku sun karye, jini da iska sun taru sun danne huhun.

Ga wanda bai sani ba, huhu yana buƙatar sarari kafin ya buɗe. Idan iska ko jini ko mugunya suka cika wurin, sai a huda tsakanin haƙarƙari a zura roba ta fitar da su. Ɗaya bakin robar yana shiga cikin kwalba mai ruwa, a ajiye a ƙasa. Ruwan nan shi ne ƙofa: abin da ke ƙirji ya fita, iskar waje ba ta samun hanyar komawa.

"Sista Hadiza, ke za ki riƙe min kaya," in ji Dokta.

Murnata ta fi tsorona yawa. Na ɗaga hannun Malam Buba sama da kansa, na wanke wurin, Dokta ya yi allurar kashe zafi, ya tsaga kaɗan ya zura robar. Sai muka ji iska ta fito fuu, jini ya biyo baya, ruwan kwalba ya hau ɓulɓula. Kafin a gama ɗinki dattijon ya ja numfashi mai tsawo, ya ce, "Alhamdu lillahi." A kan idona mutum ya dawo. Ranar duk wanda na haɗu da shi a unguwarmu ta Limawa sai da na ba shi labari.

Kwana biyu bayan haka aka tura ni ɗakin maza, inda aka kwantar da Malam Buba. Ina shiga da safe na hango shi a zaune, yana haki kamar ranar farko. Na duba ƙasan gado. Kwalbar tana nan tas, tana ƙyalli, ba ɗigon ruwa a ciki.

"Inna, wa ya taɓa kwalbar nan?"

"Ni ce, 'yata. Na ga ƙazanta ta taru, ga 'yan dubiya za su zo. Na zubar, na wanke ta da sabulu."

Ba lokacin dogon zance. Na matse robar kusa da ƙirjinsa, na ce wa abokiyar aikina ta kira Dokta, ta kawo sabuwar kwalba da ruwan da aka tanada domin haka. Na zuba har layin da aka shata, na tabbatar bakin robar ya nutse, sannan na saki inda na matse.

"Baba, yi tari. Da ƙarfi, ko da zafi."

Ya yi. Ruwan ya ɓulɓula. Ya sake, ya sake, kumfa na ta tashi, hakin na raguwa. Da Dokta ya iso ya saurari ƙirjin, ya dube ni ya ce, "Kin yi daidai, Sista. A sake hoto, a kuma lura da zazzaɓi, don ƙila ƙwayar cuta ta samu hanya." Cike da jin daɗi na zauna na rubuta rahoto.

Sai dai shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin ta kira ni gefe. Ta ce, "Cikinmu wa ya zauna ya yi wa matar nan bayanin kwalbar?" Babu. Mun ce wa Inna Dije kada ta ɗaga kwalbar, ba mu ce mata me ruwan yake yi ba.

Na tarar da Inna Dije a bakin baranda tana hawaye. Na zauna kusa da ita, na ɗauko kofi da ruwa da ɗan guntun roba, na tsoma na hura mata ta ga kumfa. Na nuna mata abin lura: ruwan cikin roba ya riƙa hawa da sauka tare da numfashi, robar kada ta lanƙwashe ƙarƙashin mijinta, in wuyansa ya kumbura ko wurin ya fara wari ta kira mu.

Daga ranar ba mai kusantar gadon. Ko mai shara sai ta ce, "Bi ta can, ɗana." Ita ce ma ta lura robar wani majinyaci na kusa da su ta toshe, ta zo ta janyo ni da hannu.

A kwana na shida aka cire robar, huhu ya buɗe sarai, zazzaɓi bai zo ba. Malam Buba ya taka da ƙafarsa har bakin mota.

Abin da nake faɗa wa ƙananan ma'aikata ke nan. Sa roba aikin ɗan lokaci ne, tsaron ta kuwa na kwanaki, kuma wanda ya fi kowa zama kusa da ita shi ne mai jinya. In kun gama da majinyaci, ku ja kujera ku zauna da wanda ya kawo shi.