Kafintan da Ya Koyi Saƙa Saboda Hannun Matarsa

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Kafinta ya yi yana aikin katako a rumfarsa ta bakin layi. Rabin ƙofofin unguwar shi ya kafa su, kuma har yau ba wadda ke kuka in an tura ta. Mutum ne marar yawan magana, kullum da fensir a bayan kunne. Da ciwon baya ya matsa masa sai ya bar wa ƙanensa rumfar ya dawo gida, yana ta zaman da bai iya ba.

Matarsa ta daɗe da ciwon suga, har ciwon ya kashe mata ji a yatsu. Wata rana da hantsi ya leƙa kicin neman ruwan zafi, ya tarar ta sauke tukunya da hannu tsirara tana ta hidimarta.

"Maman yara, dubi hannunki," in ji shi.

Ta duba. Yatsu uku sun yi bororo. Ta ce, "Ikon Allah. Ni ko a jikina."

Babbar 'yarsu ta zo ta kafe lallai sai uwar ta bar girki. Uwar ta ce, "In bari in yi me? In zauna ina kallon babanku yana kallon bango?" Sai 'yar ta sayo mata abin riƙe tukunya na kanti, mai kyan launi. Kwana huɗu ya yi, ya taɓa murfi mai zafi ya narke ya manne. Tsumma kuwa zamewa yake yi, ita ba ta ji.

Baba Kafinta ya ɗauki narkakken abin ya sa a aljihu, ya nufi shagon zare na bayan tasha. Mai shagon mace ce mai fara'a, tana zaune da saƙa a cinya. Ta jujjuya abin ta ce, "Zaren roba ne, Baba. Aikin wuta sai zaren auduga, shi ba ya narkewa. Amma sai an yi saƙar da kauri."

"Irin wannan ta hannunki fa, 'yata?"

"Wannan saƙar Tunisiya ake ce mata. Wa za a saƙa wa, kuma wa zai saƙa?"

"Matata. Ni."

Ta danne dariyarta, ta jawo masa kujera. Kwarashin da take saƙa da shi dogo ne, ya kai tsawon cokalin miya. Ta nuna masa yadda ake kwaso madaukai ɗaya bayan ɗaya su jeru a jikin sandar, sannan a dawo ana sauke su bibbiyu, ba a juya saƙar. Ya kalli layin ya ce, "To ai jeren katako ne, sai dai wannan ba ya tsagewa."

Na farko da ya gama ya nannaɗe kansa kamar tabarma, ko an danne shi da dutse sai ya koma. Matarsa ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce, "Malam, wannan tukunya zai riƙe ko kansa?" Ya koma wurin mai shago, ta ce hannunsa ne ya cika matsewa, yana jan zare kamar mai ɗaure kaya a mota, sai ya nemi kwarashi mafi kauri. Ba ta da shi. Nan fa aka zo fagensa. Ya zaro guntun katako mai ƙarfi a ƙarƙashin gado, ya feƙe, ya yanka masa baki, ya goge shi har zare na sulɓi a kai. Guda uku ya yi kafin ɗaya ya gamshe shi.

Abokansa na benci ba su bar shi ya huta ba. Tsohon direban da ke maƙwabtaka da shi ya ce, "Kafinta, in ka gama a yi mini hular jariri." Ya ce, "Kawo kan in auna." Ya ci gaba da ƙirga madaukansa.

Bai tsaya kan abin da aka koya masa ba. Ya kwantar da hannun matarsa a kan kwali ya zana shi da fensir, kamar zai yanka ƙyaure. Ya saƙa falle biyu ya haɗa su, ya bar aljihun da yatsu za su shige duka, yadda ko ba ta ji ba abin ba zai kuɓuce mata ba. Ya zaɓi farin zare a wajen tafin, don in ya fara ƙonewa idonta ya gani. Kafin ya miƙa mata sai da ya riƙe tukunyar tafasasshen ruwa da shi, ya ƙirga har talatin. Abu ɗaya ya ja mata kunne a kai: kada ta taɓa amfani da shi a jiƙe, don zafi zai ratsa shi.

Ta sa hannu, ta sauke tukunya, ta cire ta duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Sai ka yi mini na hagu." Godiyar ke nan, shi ma bai nemi ƙari ba. Daga baya ya ƙara da abin ɗora tukunya da tsumman goge kwanuka.

Ranar da ta je asibiti da su a jaka, ma'aikaciyar jinya ta gani ta ce akwai masu irin ciwonta da yawa a layi. Yanzu duk ranar Talata yana raka ta, ya zauna a bencin masu jira da kwalinsa, yana zana hannun duk wadda ta miƙo. Mai shagon zare ta karɓi kwarashi biyu daga wurinsa, ta ce sun fi na kamfani daɗin riƙo. Direban nan ma ya kawo hannun yayarsa a zane, ya ajiye kwalin a gefen benci, bai yi zolaya ba.